Ɗaukar Hoto a Ƙasar Birnin Gwari: Jawabi ga Hakimai da Malamansu

Ana jawo hankalin Hakimai da Malamansu ga sha'anin hoto, domin yanzu ya zama abokin tafiyar rahoto. A da sai an nemo mai hoto daga birni. Yau kuwa da wuya a sami Malamin Hakimi wanda ba shi da na'urar a cikin wayarsa. Saura iya aiki da ita, wanda malamai ke koya daga juna.

Tambayar da suka fi yi ita ce, don me fuskar Hakimi take fitowa da duhu, alhali kuwa rigarsa ta fito tas? Dalili shi ne na'urar tana auna hasken abin da ya fi cika mata ido. Farar riga da rawani sukan rinjaye ta, sai ta rage haske, fuska ta dushe. Maganinsa, a taɓa fuskar a gilashin wayar kafin a ɗauka. A guji tsakar rana, gama a lokacin inuwar rawani takan rufe idanu; hantsi da bayan la'asar sun fi kyau, rana kuwa ta kasance a bayan mai ɗauka, ɗan gefe kaɗan. Da hunturu a riƙa share idon na'urar da ƙyalle mai taushi.

Hoton shaida, watau na kwalbatin da ya karye ko gonar da ruwa ya ci, yana da nasa ladabi. A ɗauki ɗaya daga nesa don a gane wurin, sa'an nan a matsa da ƙafa a ɗauki wani kusa. Lalle a tsayar da mutum ko sanda a bakin ramin, in ba haka ba wanda ke zaune a ofis a Kaduna ba zai san ko zurfinsa kamu biyu ne ko gaba biyu ba. A rubuta sunan ƙauye da kwanan wata a littafin ofis. Kada a yi wa irin wannan hoto kwalliya ko gyara.

Sai batun daji. Kamuku, wanda En'e ta keɓe gandun daji a 1936, aka mai da shi gandun Gwamnatin Tarayya a 1999, wuri ne mai jan hankalin masu sha'awar hoto. Ƙarƙashin doka da kaɗanya haske yakan sauka dabbare-dabbare, ya ɓata fuska, saboda haka ranar lumshi ta fi. Amma kowa ya san wahalar da 'yan bindiga suka jawo wa wannan ƙasa. Kada a shiga sai da iznin ma'aikatan gandun da shawarar jami'an tsaro.

Akwai abin da ya fi wannan haɗari, wanda da yawa ba su sani ba. Waya takan ɓoye alamar wurin da aka ɗauki hoto a cikin hoton kansa, in ba a kashe ta ba. Hoto kuwa in ya bar hannu ba ya kiranyuwa. Fuskar wanda ya kawo labari, ko ta ɗan sintiri, ko inda aka killace shanu, kada a ɗauke su, balle a watsa. Matan aure da yara ma sai da izni.

Ana roƙon kowane Hakimi ya zaɓi wanda ya fi gwaninta cikin malamansa, ya riƙa duba hotunan sauran ranar taron Dagatai, ya nuna musu inda suka kuskure.