Daga Ina "Ba Ni da Ko Sisi" Ta Samo Asali?

Matashin da bai taɓa riƙe sisi ba, yau ma idan aljihunsa ya bushe sai ka ji ya ce, "Wallahi ba ni da ko sisi." Wannan magana gado ce daga kuɗin zamanin Turawan Ingila.

A wancan lissafi, kwabo 12 ne sule ɗaya, sule 20 kuma fam guda. Sisi rabin sule ne, wato kwabo 6, taro kuma kwabo 3. Mafi ƙanƙanta shi ne anini, mai huda a tsakiya, wanda sai an tara 10 ake samun kwabo. Shi ya sa "ko anini" ke nufin babu ƙarƙaf.

Da naira ta zo a 1973, an canza kowane fam a kan naira 2. Saboda haka jaka, wadda a da fam 100 ce, ta koma naira 200. A Nijar kuwa da dala ake ƙirge, kowace dala sefa 5, jaka kuma sefa 1,000.

Kuɗin zamanin Turawan sun shuɗe, amma baki ya adana sunayensu. Ya kamata mu faɗa wa yaranmu asalinsu.