Wara: Inda kwalta ta ƙare, ruwa ya karɓa

Ran da na gaya wa abokan karatuna cewa hutun nan zan leƙa Wara, sai ɗaya daga cikinsu ya ce, “Wace Wara? Ta hatsarin jirgin nan?” Iyakar abin da ya sani game da garin ke nan. Ban ga laifinsa ba. Yawancin ’yan Najeriya ba su taɓa jin sunan ba sai ranar 26 ga Mayu, 2021, da wani jirgin katako ɗauke da mutum fiye da 150 ya dare gida biyu a kan ruwan da ke tsakanin Wara da gaɓar Borgu. Kimanin mutum 20 kawai aka ceto da rai.

Aka yi jaje, aka yi addu’a, labari ya wuce. Amma akwai tambayar da ba mu cika yi ba: me ya sa mutum fiye da 150 za su cunkushe a jirgi ɗaya? Amsar tana cikin inda Allah Ya ajiye garin, da kuma yadda hanyoyi suka yi ta sauyawa a kewayensa.

Ina ne Wara?

Ka ɗauki taswirar jihar Kebbi, ka bi da yatsa zuwa can ƙarshen kudu, inda jihar ta tsuke kamar wutsiya. Nan ne ƙaramar hukumar Ngaski, Wara ce kuma hedikwatarta. Garin yana gaɓar gabas ta tafkin Kainji, cikin masarautar Yauri. Ta gabas, ƙasar Magama ce ta jihar Neja. Ta yamma, in ka ƙetare ruwa, Borgu da Agwara ne, su ma jihar Neja. Sabuwar Bussa ta fi kusa da Wara nesa ba kusa ba a kan Birnin Kebbi, inda gwamnatin jiharsa take.

Babban titin da ya taso daga Legas ya bi ta Jebba da Kontagora da Yelwa da Koko da Jega har Sakkwato bai ratsa Wara ba. Sai ka bar shi ka kama reshe. Tsawon tafkin ya haura kilomita 130, kuma babu gada ko ɗaya a kansa. Wanda ke ƙetare yana son cin kasuwar Wara, ko dai ya zagaya ta kan madatsar Kainji da mota, ya kashe wuni da kuɗin da ba shi da su, ko ya shiga jirgi. Kowa ya san wanda talaka zai zaɓa.

Zamanin fatake

Kafin tafki, kogi ne a nan, Kwara, mai rassa da duwatsu da tsibirai, waɗanda mutanen yankin ke kira gungu. Daga nan sunan Gungawa ya samo asali, wato mutanen tsibiri. Su da Kambari da Sarkawa masunta da Hausawa ’yan kasuwa ne suka cika wannan gaɓa. Kogin bai raba su ba, shi ne ma ya haɗa su. Yaro yana tasowa da filafili a hannu kamar yadda ɗan tudu ke tasowa da fartanya.

Ƙasar Yauri tana kan ɗaya daga cikin hanyoyin fataken goro da ke zuwa Gwanja, a arewacin Gana ta yau. Ayari kan taso daga Kano ko Sakkwato da kanwa da tufafi da fatu, ya yi zango a bakin Kwara, masu fito su ƙetarar da mutane da kaya, sannan a kama hanyar Borgu. Fito sana’a ce mai tsoka, sarakuna kuma suna samun kuɗin shiga daga gare ta.

Turawan farko ma ta ruwan nan suka bi. Mungo Park ya wuce ta Yauri a jirginsa, ya halaka a duwatsun Bussa a 1806. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka hauro daga Bussa zuwa Yauri suna neman takardun da ya bari, daga baya suka gangara da kogin har teku. A lokacin Birnin Yauri ce fadar sarki, kuma a yau garin yana cikin ƙaramar hukumar Ngaski. Sai a 1888 Sarki Abdullahi Abarshi ya mayar da fada Yelwa.

Dogo ya kauce, mota ta kauce

Abin da ya fara rage wa wannan gaɓa armashi bai ma zo kusa da ita ba. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, kuma a Jebba layin dogo ya ƙetare Kwara, can kudu. Goro ya koma bin teku zuwa Legas, daga nan a loda shi a tarago. Tafiyar watanni ta koma ta kwanaki, ayarin jakuna ya yi ta raguwa har ya ɓace. Dogo bai taɓa zuwa ƙasar Yauri ba. Manyan jiragen ruwa na Turawa kuwa duwatsun Bussa sun tare musu hanya. Da mota ta zo, Yelwa ta samu babban titi, garuruwan kudancinta irin su Wara suka zauna a gefe.

Da kogi ya zama tafki

An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka kammala a 1968. Ruwa ya taru ya haɗiye tsohuwar Bussa da babban tsibirin Foge da ƙauyuka masu yawa, har da wani ɓangare na tsohuwar Yelwa. An sake wa mutum fiye da 40,000 matsuguni. Ƙasa ta samu lantarki, masunta suka samu sabon fage. Amma ta fuskar sufuri, abubuwa uku sun sauya.

Na farko, faɗi. Inda da ake tsallakawa daga gungu zuwa gungu ana hutawa, yanzu fili ne na ruwa wanda a wani wurin ya haura kilomita 20. Faɗin nan ne ke ba iska damar tara igiyar ruwa, musamman in hadarin farkon damina ya taso. Jirgin da aka ƙera domin kogi, siriri mai tsawo, shi aka ɗaura wa inji aka tura cikin abin da ya yi kama da teku.

Na biyu, kututture. Ba duk itatuwan da ke kwarin aka sare ba kafin ruwa ya rufe su. Suna nan tsaye a ƙasa fiye da shekara 50. Jirgi mai gudu ya hau kan ɗaya, katako ba ya jurewa.

Na uku, hawa da saukar ruwa. Kwara na kawo ambaliya biyu a shekara: farin ruwa na damina, da baƙin ruwa da ke isowa lokacin sanyi daga tsaunukan Gini. Tsakanin cikar tafki da janyewarsa akwai mitoci da dama. Shi ya sa bakin ruwa ba ya zama wuri ɗaya, kuma in ruwa ya ja baya kututturan sukan matso kusa da sama.

An yi wa madatsar mashigar jirage domin manyan jiragen kaya su riƙa haurowa har Yelwa. Wannan buri bai cika ba. Abin da ya tabbata shi ne jirgin katako da injinsa.

Abin da na gani

Na shiga irin wannan jirgi a hutun nan. Babu tikiti, babu wanda ya rubuta sunana. An fara loda buhuna, aka jera babura, aka ɗaure awaki, sannan mu. Rigunan kariya ba su kai rabin yawanmu ba, kuma wallahi har da samari irina a cikin masu ƙin sakawa, wai kada a ce musu matsorata. Dattijon da ke kusa da ni ya riƙa nuna mini wurare da haɓa: nan gonar wasu ce, can maƙabarta, can kuma tsohuwar hanyar kogi. Ni ruwa kawai nake gani. Shi taswira yake karantawa.

Ba zan ɗora wa matuƙa laifin duka ba. Man fetur ya yi tsada, fasinja ba ya iya biyan kuɗi mai yawa, sai a cike giɓin da lodi. Amma sakamakon ba ya sauyawa. A Oktoban 2023 ma wani jirgi da ya taso daga ɓangaren Agwara zuwa kasuwar Yauri ya kife, mutane da dama suka salwanta.

Abin mamaki, can ƙarshen tsohuwar hanyar goro ma haka labarin yake. Madatsar Akosombo ta Gana, wadda aka kammala a 1965, ta haifar da tafkin Volta, shi ma cike da kututture. Sai dai a mashigar Yeji, kan hanyar Salaga, akwai babban jirgin fito na ƙarfe mai ɗaukar motoci. Sun ɗauki ruwan a matsayin titi.

Titi ne, a kula da shi kamar titi

Akwai hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa, akwai HYPPADEC da aka kafa domin yankunan da ke samar da lantarki, kuma an raba rigunan kariya. Madalla, amma da sauran aiki. A sa alamomi a kan hanyar da babu kututture. A ja layin lodi a jikin kowane jirgi. A rubuta sunan duk wanda ya shiga, domin a 2021 ko adadin fasinjojin sai da aka yi ta saɓani a kansa. A samar da jiragen ƙarfe ranakun kasuwa, a riƙa aiko da gargaɗin hadari ta waya da rediyo cikin Hausa.

Mu matasa ma da namu. Duk shekara muna cika bakin ruwa a Yelwa muna ɗaukar bidiyon bikin Rigata. Wayar nan za ta iya naɗar muryar dattawan da suka san inda tsohon kogi ya bi, tun suna raye. Sannan in ka zo shiga jirgi, ka nemi riga ka saka. In ka ga bakin jirgi ya kusa shan ruwa, ka sauka ka jira na gaba. Kasuwa za ta sake ci mako mai zuwa.