Labarin Dandalin Jami'ul Fana na Birnin Marrakush

A ƙasar Magrib, wadda ake kira Maroko, akwai birnin Marrakush, wanda Murabiɗuna suka kafa wajen shekara ta 1070. A cikin tsohon garin akwai wani fili makeke, ana ce masa Jami'ul Fana. Baƙo in ya ji sunan sai ya shiga neman babban masallaci, amma ba zai same shi ba.

Asalin sunan kuwa malamin Tumbutu ne ya adana shi, wato Abdurrahman as-Sa'adi, mai Tarikhus Sudan. Sarki Ahmadu al-Mansur, wanda rundunarsa ta ci Songhai a 1591, ya sa harsashin wani ƙasaitaccen masallaci a filin, da niyyar a kira shi Jami'ul Hana, wato masallacin kwanciyar rai. Dukiya ba ta gaza masa ba, tun da har laƙabinsa az-Zahabi, mai zinariya. Sai annoba ta sauka, ta ɗauke shi a 1603. Aiki ya tsaya, gini ya zube. Mutanen gari suka sāke harafi ɗaya tak, ha ta koma fa, Hana ta zama Fana, wato ƙarewa. A lokacin nan Shehu Ahmadu Baba yana tsare a birnin, yana ba da karatu, bai koma Tumbutu ba sai 1608.

Daga filin ana hangen hasumiyar Kutubiyya, tsawonta mita 77. Sunanta daga masu sayar da littattafai ne, waɗanda suka taɓa kasa hajarsu a gindinta.

Da hantsi filin na masu lemo ne, da masu magani, da masu wasa da maciji, da masu ruwa a salka suna kaɗa ƙararrawa. Bayan la'asar a kakkafa rumfunan abinci, hayaƙi ya turnuƙe. Gnawa, jikokin bayin da aka ƙetare Sahara da su, su fito da kiɗansu, har yau kuwa a waƙensu ana jin sunan Bambara da Hausa.

Amma abin da ya fi cancantar tsayawa shi ne halƙa. Jama'a su kewaye mai ba da labari, shi kuwa in ya kai inda ya fi daɗi sai ya yi shiru, ba ya ci gaba sai an jefa masa kuɗi. Domin irin wannan gado UNESCO ta karrama filin a 2001. Duk da haka tsofaffin gwanayen sun yi ƙaranci, masu gadonsu kuma kaɗan ne.