Katun Ɗin da Ba na Yara Ba: Abin da Ya Kamata Ku Sani

A gidaje da yawa a Birnin Kebbi da Argungu, da zarar an ga zane yana motsi a talabijin ko a waya, sai a ce ai katun ne, a miƙa wa yara a koma kan aiki. Tom da Jerry ne suka saba mana da wannan tunanin. Amma akwai wani jinsin katun da aka yi domin manya, kuma yawancin dariyarsa kwaikwayo ce da zolayar finafinai, mawaƙa da 'yan siyasa.

Uban tafiyarsu shi ne The Simpsons, wanda Matt Groening ya ƙirƙira, tashar Fox ta Amurka ta fara haska shi ranar 17 ga Disamba 1989. Labarin wani magidanci ne mai suna Homer, ma'aikacin tashar lantarki ta nukiliya a garin Springfield, da matarsa Marge da 'ya'yansu uku. South Park ya biyo baya a 1997, sai Family Guy a 1999.

Yadda dabarar take shi ne, marubutan sukan ɗauko abin da jama'a suka riga suka sani, su sauya masa kama kaɗan, su bar mai kallo ya gane asalin da kansa. A wannan ganewar dariyar take. Misalin da zai fi mana sauƙi: yaran Homer suna da nasu katun da suke kallo, na wani ɓera da kyanwa, Itchy da Scratchy. Tom da Jerry ake zolaya, sai dai an kai duka da sara da zubar da jini maƙura, domin a nuna wa iyaye irin abin da suke barin yara su kalla suna ƙyaƙyata dariya. Wanda bai san Tom da Jerry ba, jini kawai zai gani.

Manya ma ba su tsira ba. A 1992 shugaban Amurka George Bush babba ya soki The Simpsons a bainar jama'a, yana ganin ba abin koyi ba ne ga iyalai. A 1996 sai masu shirin suka zana shi ya tare a unguwar su Homer, suka yi ta rikici irin na maƙwabta.

Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. 'Yan kama sun daɗe suna yin ta a gidajen biki da dandali: su ɗauki waƙar wani shahararren makaɗi, su bar karinta yadda yake, su cika ta da zancen tuwo da miya. A tashe kuma, daga goma ga watan azumi, yara kan kwaikwayi malami da mai gida da tsoho, kowa ya gane wanda ake nufi ba tare da an kama suna ba. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, shi ya shigar da abin cikin fim da ƙarfi. A Ibro Awilo ya ari shiga da rawar mawaƙin Kwango Awilo Longomba, a Ibro Usama kuma ya taɓo maganar da duniya take ciki bayan harin da aka kai wa Amurka a 2001. A ganina Ibro ya fahimci abin da marubutan Amurka suka fahimta, wato mutane sun fi jin daɗin raha idan an ba su damar cike sauran da kansu.

Shi ya sa irin wannan raha ba ta cika ƙetare iyaka lafiya ba. A 2005 tashar MBC ta mayar da The Simpsons Larabci da sunan Al Shamshun. Homer ya koma Umar, giyar da yake sha ta koma lemo, aka cire mashaya. Shirin bai karɓu ba, domin an kwashe abubuwan da ake zolaya, an bar zanen tsura. Haka Ba'amurke zai yi zuru idan ɗan kama yana juya waƙar Shata.

Mu ma an taɓo mu. A wani kashi na The Simpsons na 2015 an kawo wani sarki daga Najeriya da 'yarsa Kemi, ya je cinikin yuraniyom da mai tashar nukiliyar. An gina wani ɓangare na rahar a kan wasiƙun damfara da ake aikawa da sunan ɗan sarkin Najeriya. Duk wanda ya san hanyar Kamba zuwa Gaya ya san a Nijar ake haƙar yuraniyom, can Arlit. Abin yana min ciwo, domin miliyoyin masu kallo ta irin wannan ƙofa suke fara jin sunanmu.

Ga iyaye kuwa, a Amurka kanta an yi wa South Park alamar shirin manya zalla, kuma shi da Family Guy cike suke da ashar, batsa da wasa da addinai. A 2010 South Park ya taɓa abin da Musulmi ba sa yarda a taɓa, har tashar Comedy Central da kanta ta toshe wasu sassan. Kafin a miƙa wa yaro waya, a duba sunan shirin, a zauna a kalli minti biyar tare da shi. Akwai na yara na gida, kamar Bino and Fino da Adamu Waziri ya shirya a Abuja.

Matasanmu masu koyon zane a kwamfuta kuma suna da kayan aiki a ƙofar gida. Bikin kamun kifi na Argungu, da ake yi tun 1934, ya isa shiri guda: dubban masunta da gora da homa suna jiran a ba da izini a bakin Matan Fada, ga manyan baƙi a rumfa, ga mai cika bakin zai kamo giwan ruwa ya fito da ɗan tarwaɗa. Ga wasan barkwanci tsakanin Kabawa da abokan wasansu, ga hayaniyar kakar shinkafa, ga tarihin Kanta. Mai kallo daga Jega, Bunza ko Gwandu ba ya buƙatar a yi masa bayanin ko ɗaya daga cikinsu kafin ya yi dariya.