Biranen Duniya da Abubuwan Al'ajabinsu: Inda Ake Biyan Kuɗin Shiga Gari, da Inda Gida Yake Yuro Ɗaya

A birnin Benis na Italiya, tun daga Afrilun 2024, baƙon da ya zo yawon wuni ɗaya a ranakun cunkoso sai ya biya aƙalla Yuro 5 kafin ya taka gari. Kuɗin biza daban. Dalili kuwa shi ne baƙi sun yi wa garin yawa har 'yan gari suna tattara komatsansu. A 1951 mutum kusan 175,000 ne ke zaune a tsohon birnin. A 2022 ba su kai 50,000 ba, shekara guda bayan nan kuma gadajen kwanan baƙi suka fi mazauna yawa. Babu mota ko ɗaya a ciki. Ɗaukar mara lafiya, kwashe shara, kai gawa maƙabarta, duk a jirgin ruwa ake yi. Wanda ya tausaya wa tantabarun dandalin San Marko ya watsa musu hatsi, tara zai biya, domin an hana tun 2008.

Tsohon birnin Fas na Maroko ma mota ba ta shiga, amma nan jaki da alfadari ne ke aikin. Lunguna dubbai ne, wasu mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya karkace, kuma in ka ji an ce "balak!" daga bayanka, manne da bango, kaya ne ke tafe. A bakin majemar Shuwara ana miƙa wa baƙo ganyen na'ana'a ya kanga a hanci, saboda da kashin tantabara da farar ƙasa ake jiƙa fatun. Mutumin Kano ba zai ga baƙon abu a nan ba. Fatar da Turawa suka daɗe suna kira ta Maroko, da yawanta ta jan akuyar Sakkwato ce, aka jeme a ƙasar Hausa, fatake suka ƙetara Sahara da ita, wasu suka ci sunan.

Akwai wani ƙaramin gari, Baarle, da iyakar Holan da Beljiyam ta yi wa kaca-kaca: ta bi ta tsakiyar titi, ta ratsa kanti, ta shiga falon mutane. Ƙa'idar ita ce inda ƙofar gidanka take, nan ce ƙasarka. Lokacin kullen korona a 2020 an ga kantin da aka ja igiya a tsakiyarsa, rabi ana ciniki, rabi a rufe, domin dokar ƙasashen biyu ta sha bamban.

La Paz ta Bolibiya tana kan tudun da ya kai mita 3,600, filin jirginta kuma ya haura mita 4,000, saboda haka baƙo yakan sauka yana haki tun bai ɗauki jaka ba. Ruwa na tafasa tun bai yi zafin da aka saba ba, wake sai ya wuni a wuta. Masu kuɗi a kwari suke zama inda iska ta fi kauri, talaka ne a sama. Zuwa aiki kuwa a cikin akwatunan da ke rataye a waya ake yi, suna shawagi bisa rufin gidaje, tun 2014.

Masu yada zango a Adis Ababa su kula da agogo. Bahabashe daga fitowar rana yake fara ƙirga awa, don haka bakwai na safe a wurinsa ƙarfe ɗaya ne. Direban tasi ya ce zai zo ƙarfe biyu, tambaye shi na wane agogon. Shekararsu wata 13 ce, na ƙarshen kwana biyar ko shida, kuma suna bayan kalandar Turawa da shekara bakwai zuwa takwas. A wurin cin abinci, in mai masauki ya naɗo loma ya nufo bakinka da ita, buɗe kawai. Girmamawa ce, ƙin karɓa kuma rashin ta-ido. Gahawarsu zagaye uku ake sha, ga turaren wuta ga gugguru, kamar shayin Buzaye a Agadas, kuma tashi bayan kofin farko bai dace ba.

Kigali ta hana leda tun 2008, ana iya ƙwace ta daga jakarka a filin jirgi. Asabar ɗin ƙarshen kowane wata kowa ya fito aikin gayya, kantuna a rufe har wajen hantsi. Mu ma mun san wannan Asabar ɗin a takarda. Bambancin shi ne can ana fitowa. Cin abu a tafe kan titi abin kunya ne a wurinsu, kuma akwai shaguna da ba a sayar da komai sai madara da nono, manyan mutane na zaune suna kurɓa.

To, batun ciki. Littafin Michelin, wanda tauraronsa guda ke sa mai dafa abinci ya kasa barci, kamfanin taya ne ya ƙirƙiro shi a 1900. A lokacin motocin Faransa gaba ɗaya ba su kai 3,000 ba, sai 'yan'uwa biyu masu kamfanin suka ga in an nuna wa direbobi wuraren ci da kwana za su yi ta tafiya, taya ta cinye, a sayi sabuwa. Kyauta ma ake raba shi da farko. Taurarin sai a 1926 suka shigo. A 2016 abin ya kai ga wani mai rumfa a Singafo, Chan Hon Meng, da ke sayar da shinkafa da kaza a kan dalar Singafo 2, ya samu tauraro. Layi ya miƙe, ya buɗe rassa, a 2021 aka janye tauraron. A ganina labarin ya fi daɗi a rumfar farko. Duk garin da ka shiga, bi layin da ma'aikata da direbobi suka kafa da azahar. Ba su da kuɗin ɓatarwa a kan abinci mara daɗi. Mai kiyaye halal dai ya tambaya kafin ya zauna, domin ba kowace rumfa ce tasa ba.

A rumfunan abincin Singafo, in ka ga ƙullin tishu a kan tebur, kada ka zauna: wani ya kama wurin ya tafi layi, kuma ba mai taɓawa. Sayar da cingam haramun ne a ƙasar tun 1992, sai na magani da aka sassauta daga baya. Mallakar mota kuwa sai ka sayi takardar izini ta shekara 10, wadda a 2023 kuɗinta ya haura dalar Singafo 100,000, ba a zo kan kuɗin motar ba tukuna.

Faris na gasar burodi kowace shekara tun 1994. Wanda dogon burodinsa ya zo na ɗaya shi zai riƙa kai wa fadar shugaban ƙasa na tsawon shekara. Djibril Bodian, haifaffen Senegal, ya ci sau biyu, a 2010 da 2015; a 2023 wani ɗan asalin Siri Lanka ne ya lashe. Abin da Bafaranshe ya fi tinƙaho da shi ke nan, a hannun 'yan ci-rani masu tashi tun kafin asuba.

A Madrid akwai Botín, wanda kundin Guinness ya ce shi ne gidan abinci mafi tsufa da bai taɓa daina aiki ba, tun 1725. Masu shi sun ce wutar tandunsu ba ta taɓa mutuwa ba, ko a kullen korona akwai mai zuwa yana iza ta. Ɗan alade ne abincin da ya yi suna da shi, ka sani tun daga ƙofa. Kada kuma ka je neman abincin dare da magariba, Sifaniyawa sai tara ko goma suke zama. Wani ɓangare na laifin na Janar Franco ne, wanda a 1940 ya tura agogon ƙasar gaba da awa guda ya dace da na Jamus, ba a kuma mayar ba.

A Japan kada ka bar wa ma'aikaci tukuici. Zai biyo ka da gudu har titi ya mayar maka da abin da ka "manta". Mutanen Tokiyo sun kai wa 'yan sanda tsabar kuɗin tsintuwa kusan Yen biliyan 4 a 2022, kuma kusan kashi uku cikin huɗu sun koma hannun masu su. Zuƙar taliya da ƙara ba rashin tarbiyya ba ne a can.

A Nafoli mutum kan sha kofi ɗaya ya biya na biyu, ya bar ɗayan ga duk wanda ya shigo babu ko sisi. A Santambul da burodi ake yi: ka sayi biyu, mai gidan burodi ya rataye ɗaya, mabuƙaci ya zo ya ɗauka ba tare da ya san fuskar mai bayarwa ba. Sadakar ɓoye ce da aka yi wa ƙugiya.

Wanda ya fi burge ni shi ne tanjiyar Marakish. Abincin maza ne, musamman gwauraye da 'yan kasuwa. Mutum ya je wurin mahauci da tulun ƙasa, a zuba nama, tafarnuwa, lemon tsami da aka adana a gishiri, man shanu da kayan ƙamshi, a rufe baki da takarda a ɗaure. Sai ya kai wa mai hura wutar gidan wanka na unguwa, shi kuma ya binne tulun cikin toka mai zafi. Bayan sa'o'i masu yawa a dawo a ba shi ɗan abin hasafi, a zazzage nama yana rabuwa da ƙashi da kansa. Ba murhu, ba itace, ba wanke-wanke sai tulu ɗaya.

A Mumbai, tun wajen 1890, akwai masu fararen huluna da ke karɓar abincin rana daga gidaje su kai wa magidanta a ofis. Kafin korona su kusan 5,000 ne, suna ɗaukar kwano kusan 200,000 a kullum, a keke da jirgin ƙasa, da alamar fenti da lambobi a murfi, ba kwamfuta. Da yamma su mayar da kwanon gida.

A dogon benen Burj Khalifa na Dubai, mai tsawon mita 828, ba tare ake shan ruwa a watan azumi ba. Malaman birnin sun ce na sama da hawa 80 su ƙara minti biyu, na sama da hawa 150 su ƙara uku, tunda suna ganin rana bayan ta faɗi ga na ƙasa. A gindin duk wannan ƙawa, kwalekwalen katako na ƙetarar da mutum zuwa kasuwar Deira a kan Dirhami 1. Alhazai kuma sun san kajin Al Baik, da aka fara a Jidda a 1974. Shekaru da yawa babu reshe a Riyad, har mutane kan shiga jirgi da ledojinta tsaraba. A unguwannin Makka da Jidda kuwa za ka tarar da tsire da ƙuli da yajinsa a hannun jikokin mahajjatan da suka tafi a ƙafa ba su dawo ba, haka ma agashe a Sudan.

Sai masu mafarkin ƙaura, waɗanda kullum ake turo wa labarin "garin da ke biyan mutum ya zo ya zauna". Akwai su, ba ƙarya ba ne. A 2019 garin Sambuka na tsibirin Sisili ya sa tsofaffin gidaje a gwanjo daga Yuro 1. Sai dai za ka ajiye Yuro 5,000 jingina, ka gyara gidan cikin shekara uku, gidan kuwa sau da yawa kango ne da rufinsa ya rufta. Gidan ma ba ya ba ka takardar zama a Italiya. Ƙauyen Albinen na Siwizalan ya amince a 2017 zai ba kowane baligi Faran 25,000, kowane yaro 10,000, amma sai ba ka kai shekara 45 ba, ka sayi ko ka gina gidan aƙalla Faran 200,000, ka zauna shekara 10, kuma kana da takardar zaman dindindin tun da farko. Tulsa ta Amurka na ba da Dala 10,000 tun 2018, ga wanda ya riga ya sami izinin aiki a ƙasar kuma yana da aikin da yake yi ta intanet. Japan na da gidaje miliyan 9 da ba kowa ciki, kuma daga 2023 tana ba iyalin da ya bar Tokiyo ya koma karkara Yen miliyan 1 a kan kowane yaro. Duk wuraren nan matasansu ne suka gudu ko ba a haifa ba, tallan kuma ba da mai fasfo ɗin Najeriya ko Nijar ake yi ba.

Wanda ya samu ya isa Jamus kuma, gidan haya kan zo masa ba kicin: ba murhu, ba wurin wanke-wanke, wani lokaci ko ƙwan lantarki babu, sai wayoyi na leƙe daga silin, domin wanda ya tashi ya kwashe nasa. Ranar Lahadi kantuna a rufe, ba a huda bango, ba a zuba kwalabe a mazubinsu saboda ƙara. Uwargida mai turmi da taɓarya a hawa na uku ta shirya karɓar takarda daga maƙwabta.

Wuri ɗaya ne kowa zai iya zuwa ya zauna ya yi aiki ba biza, ko daga ina yake: tsibiran Sibalbad na ƙasar Nowe, bisa yarjejeniyar 1920. Babban garinsu, Longyearbyen, mutum wajen 2,500 ne daga ƙasashe fiye da 50. Sharaɗin shi ne ka iya ciyar da kanka, in ka gaza gwamna ya sallame ka. Kyanwa haramun ce tun 1992 saboda tsuntsaye. Ba a fita bayan gari sai da bindiga, saboda wata farar dabbar ƙanƙara mai cin mutum. Ana cire takalmi a ƙofar otal da gidan tarihi, al'adar da ta samo asali daga masu haƙar kwal. Mai ciki takan tafi babban yankin Nowe makonni kafin haihuwa, gawa ma can ake kai ta, domin ƙasar a daskare take, abin da aka binne ba ya ruɓewa. Daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Fabrairu rana ba ta fitowa, daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta ba ta faɗuwa, shi ya sa Musulmin irin waɗannan wurare ke bin fatawar yin salla da azumi da lokacin Makka ko na gari mafi kusa da ke da dare da rana. Jirgin zuwa can kuwa daga Oslo ko Tromso yake tashi, kuma kafin ka taka ɗayansu sai da bizar Shengen, mai shiga biyu, ɗaya ta tafiya ɗaya ta dawowa.