Hannun mai babur ne ke shan mai

A Tawa, babur ne ƙafar talaka: 'yan kabu-kabu a cikin gari, makiyaya da 'yan kasuwa a hanyar Abalak da Cintabaraden. Galibi baburan ƙanana ne masu injin 125, da ke cin kilomita 100 da lita 2 zuwa 3. Ƙaton Harley-Davidson na Amurka kuwa sai ya sha 5 ko 6.

Amma hannu ma yana da nasa laifin. Wanda ya ninka gudu, iskar da ke tokare shi ta ninku sau huɗu. Ga fizgar totur, ga birki babu dalili, ga taya ba iska, ga buhun gero a baya. Tun da aka rage kuɗin litar fetur zuwa sefa 499 a 2024, samari sun ƙara sakin hannu, musamman a kan kwalta.