WA KE DA IRIN DA KE CIKIN RUMBUNKA?

'Yan'uwa manoma, bara da kaka muna zagayen ƙungiyoyi a ƙasar Kiyawa, muka sauka wani ƙauye muka tarar ana ta hirar waɗansu baƙi. Sun zo cikin farar mota, su uku da tafintansu. Ba su sayi buhu ba, ba su kuma tambayi farashin kome ba. Abin da suka nema shi ne zangarniya bibbiyu ta tsohuwar dawa, da cikin tafi na waken nan da tsofaffi ke ɓoyewa a tulu. Sa'an nan suka zauna da wata gyatuma suka yi ta rubuta sunayen saiwoyin da take jiƙa wa mai ciwon shawara. Da za su tafi suka ba ta sabulu sanda biyu da 'yan kuɗi. Kowa ya ce baƙin kirki ne, watakila kuwa haka ɗin ne. Amma da muka tambaya daga ina suke, wa ya aiko su, ina kuma za a kai irin, sai aka yi tsit. Ko sunan ɗayansu ba a riƙe ba.

Wannan ya sa muka ajiye maganar taki da rance a wannan fitowa, domin mu duba abin da doka ta ce a kan iri da itatuwa da sanin magani, da kuma abin da ya rage a wuyanmu.

DARAJAR CIKIN TAFI ƊAYA

Wani zai ce, me cikin tafi na wake zai yi wa mutum? To, ku saurara. A Ibadan akwai cibiyar binciken noma ta duniya da ake kira IITA, wadda aka kafa cikin 1967, tana kuma da reshe a Kano. A ɗakin sanyinta akwai wake iri-iri fiye da 15,000, ba inda ya kai ta tarin wake a duniya. Cikin shekarun 1970 masanan wurin suka yi ta gwada dubban iri, suna neman wanda ƙwaron rumbu ba ya ci. Suka dace da wani waken gida na ƙasar nan, suka sa masa lamba TVu 2027. Binciken da aka soma a kansa ya kai masanan Jami'ar Durham ta Ingila ga wata ƙwayar gado ta wake mai hana tsutsa narkar da abinci. Cikin 1987 suka ba da sanarwa sun dasa ta cikin taba, tsutsa kuwa ta kasa cin ganyen kamar da. Wani kamfanin Ingila ya riƙe takardar mallakar wannan dabara.

Ba wanda ya karya doka, don a lokacin ana ɗaukar iri kamar ruwan kogi ne, kowa ya zo ya ɗiba. Ba ma kuwa zargin masu ajiya na Ibadan; ba don su ba da waɗansu irin sun ɓace sarai, kuma ba sa sayar da abin da suka ajiye. Amma fa waɗanda suka yi ta zaɓen waken nan kaka bayan kaka har ya zama abin da ya zama, ba su shiga lissafi ba.

ABIN DA DOKA TA CE YANZU

Cikin 1992 ƙasashen duniya suka taru a birnin Riyo na Birazil suka ƙulla yarjejeniya, cewa tsirrai da dabbobi da ƙwayoyin gadonsu suna ƙarƙashin ikon ƙasar da suke ciki. Nijeriya ta tabbatar da shigarta cikin 1994. Cikin 2010 aka ƙara wata a Nagoya ta Japan, wadda ta bayyana yadda za a nemi izini da yadda za a raba amfani. A nan gida, an kafa hukumar tarayya mai tsaron dokokin muhalli, watau NESREA, cikin 2007, cikin 2009 kuma aka fitar da ƙa'idoji a kan ɗibar irin waɗannan albarkatu.

In an tace ƙa'idojin, ga abin da ke ƙasan ƙwarya. Wanda zai ɗebi iri ko saiwa ko sassaƙe, ko sanin da ke tattare da su, domin ya sarrafa ya ci riba, sai ya sami takardar izini daga hukuma. Kafin a ba shi kuwa sai ya nuna masu abin sun yarda, yardar da aka yi bayan an faɗa musu gaskiyar abin da za a yi da shi. Sai kuma a rubuta yadda za a raba amfanin, ko kuɗi ne, ko horo, ko wani aiki. Musayar da mutanen gari ke yi tsakaninsu domin amfanin kansu ba ta cikin wannan. Saboda haka in maƙwabcinka ya ba ka mudun ɗan ila ka ba shi na kanannado, ba ruwan kowa.

Doka ce mai kyau a takarda. Sai dai takardar tana Abuja, dawar kuwa tana Jahun. A duk zagayenmu ba mu taɓa haɗuwa da mai unguwa ko sakataren ƙungiya da ya ce an karanta masa ita ba. Ba kuwa za a ajiye ma'aikaci a bakin kowane rumbu ba. Ashe in an yi tsaro, a ƙofar zaure za a yi shi.

Kada ku ce rubutu da talaka ba ya yin amfani. An yi wani fasto a ƙasar Yarbawa, Rabaran Paul Ogunyale, mai haɗa maganin amosanin jini, watau sikila, da masoro da kanumfari da ganyen dawa da itacen wata bishiya. Da cibiyar binciken magunguna ta tarayya da ke Abuja ta nemi sirrin, sai da aka yi yarjejeniya a rubuce tukuna. Da aka yi wa maganin rajistar mallaka a Amurka cikin 1998, sunansa na cikin jerin waɗanda suka ƙirƙiro shi, kafaɗa da kafaɗa da furofesoshi. An ba wani kamfanin Amurka lasisin yin maganin cikin 2002, daga baya kamfanin ya durƙushe aka janye lasisin cikin 2009. Arzikin da aka yi zato bai samu ba. Amma sunansa bai ɓace kamar na masu wake ba, abin da ya raba su kuwa takarda ce da sa hannu.

DABINON DUTSE

Mu a nan tsakiyar Jigawa muna da abin da ya fi cikin tafi na wake. Duk wanda ya shiga Dutse ya ga dabino tsakanin duwatsu, ya kuma gan shi a faranti a kasuwar Shuwarin. Ba a banza cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa, NIFOR, ta kafa tashar binciken dabino a Dutse ba. A ƙasashen Larabawa dabino sau ɗaya yake haihuwa a shekara. A nan arewa kuwa akwai mai yi sau biyu, da rani da damina.

Masu dabino sun san abin da za mu faɗa. In ka shuka ƙwallo, kusan rabi maza za su fito, matan ma ba lalle su ɗauko zaƙin uwa ba. Tsiron da ke fitowa a gindin uwa shi kaɗai ke ɗauko ta sak. Watau uwa mai kyau ɗaya ce tak a duniya, sai abin da aka cire daga gindinta. Yanzu kuma a ɗakin bincike ana iya yanka ɗan tsiro guda a fitar da dashe masu ɗimbin yawa cikin kwalabe. To, wanda ya sayar wa baƙo tsiron uwar da kakansa ya dasa a kan kuɗin cefanen kwana biyu, me ya sayar ke nan? Ba mu ce a hana masana ba. Muna so a yawaita dabinonmu, mu ne ma za mu fara sayen dashen. Abin da muke cewa shi ne a san daga gonar wa aka ɗauka, a rubuta.

DOKAR 2021 DA LITTAFIN ƘUNGIYA

Cikin watan Mayu na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kare haƙƙin masu ƙirƙiro sabon iri. Wanda ya fitar da sabon iri ya yi masa rajista, shi ke da ikon sayar da shi a matsayin iri har shekara 20, in bishiya ce 25. Shuka domin cin gida ba laifi ba ne, amma cika buhuna da irin da ke da rajista a kai kasuwa da sunan iri, wannan sai da izinin mai shi. Waɗansu ƙungiyoyi sun ga dokar ta yi wa ƙaramin manomi tsauri, har sun kai ƙara kotu a kan wani sashe nata.

Dokar ba ta taɓa kaura da farafara da maiwar da muka gada ba. Amma ga inda ya kamata ku kasa kunne. Ba a yi wa iri rajista sai in sabo ne, ya kuma bambanta da duk wanda aka riga aka sani. To, yaya za mu nuna an riga an san namu? Bakin tsoho shaida ne, amma tsoho yana tafiya. Ga shi kuma tun da gero Sosat, wanda asalinsa daga Mali ne, da sauran irin zamani masu saurin nuna suka bazu, gidaje da yawa sun daina ajiye na da. Ba mu ga laifinsu ba, damina ta gajarta, mu da kanmu muka yi ta kai musu sabon irin. Sai dai mun yi sakaci da ba mu ce a bar wa tsohon ko kunya biyar a gefen gona ba. Wannan laifin malaman gona ne, mun kuwa karɓa.

Saboda haka muna roƙon kowace ƙungiya ta sayi littafi mai bango mai ƙarfi, dabam da na adashi. A rubuta sunan kowane iri yadda ake kiransa a garin, da gidan da ke riƙe da shi, da kwanakin da yake yi kafin ya nuna, da ƙasar da yake so, jigawa ko fadama, da abin da mata suka ce game da tuwonsa. A sa kwanan wata, dagaci ya sa hannu. In baƙo ya zo, a yi masa maraba a ba shi ruwa, sa'an nan a nemi takardarsa. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse ko ma'aikacin JARDA ba zai rasa wasiƙar wurin aikinsa ba, ba kuwa zai ji haushin tambaya ba. A kwafe suna da adireshi da abin da aka ɗiba, shi ma ya sa hannu. Kada mutum ɗaya ya yanke shawara a bayan ɗaki. Cewa "sai mun yi taro" ba rowa ba ce.

ƊAYA FUSKAR

Dokar da ke tsare mana namu ita ce kuma ke tsare daji daga gare mu, ba kuwa za mu ɓoye wannan ba. Tun zamanin En'e akwai gandun daji da malaman daji, manya kuma suna tuna lokacin da ba ka isa ka sare ɗorawa a gonarka ba sai da izini. Cikin 1985 Gwamnatin Tarayya ta yi dokar hana farauta da fataucin namun dajin da ke neman ƙarewa. Gwamnatin Jigawa ma ta sha jan kunne a kan sare itace domin gawayi.

Can gabas, a ƙasar Kiri Kasamma, dausayin Baturiya ya shiga jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya cikin 2008, saboda tsuntsayen da ke tasowa tun daga Turai su yi rani a wurin. Cikin 2020 kuma Shugaban Ƙasa ya amince a mai da shi gandun daji na tarayya. Dokar irin waɗannan gandaye, ta 1999, ta hana kiwo da farauta da sara a ciki ba da izini ba, ta kuma ce mai neman ƙwayoyin gado a wurin sai da yardar Minista a rubuce. Masu yankan kaba da masu su da makiyaya na kewayen su ne za su fi jin nauyinta.

Mun yarda da tsaron, don mun ga yadda kanya da ɗinya da tsamiya suka yi ƙaranci a gonakin da muka sani muna yara. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ƙwace gatarin mai neman itacen girki, motar gawayi kuwa ta wuce da dare ba wanda ya ɗaga mata hannu. Ƙungiyar da ta ƙidaya ɗorawa da kuka da gawon da ke gonakin membobinta, ta kuma bar sababbin tsiro suna tashi, ita ce ke da bakin faɗin wannan a gaban hakimi.

Mun koma ƙauyen nan na Kiyawa bayan an gama sussuka. Sun sayi littafin, sakatare ya cika shafi huɗu da dawa da gero da wake, har da wata gujiya baƙa da matasan ƙungiyar ba su taɓa gani ba. Muka ba su shawara kada su rubuta haɗin magani a littafin da kowa ke buɗewa, su rubuta sunan mai sanin kawai. Da aka je wurin gyatumar nan, ta yarda a sa sunanta. Sakatare ya tambaye ta ko ta faɗa wa baƙin dukan saiwoyin. Ta ce ta faɗa musu huɗu, ta biyar kuwa sai jikarta ta yi hankali.